Yadda Za Ka Guje wa Ƙarin Ilimi Har Garejinka Ya Huta

Kai da ka bar makaranta ka rantse ba ka sake zama a benci, matso. Matakan nan biyar ne. Wanda ya bi su da gaskiya, na yi masa alkawari babu mai ƙara damunsa da koyo, daga baya ma babu mai damunsa da aiki. Ɗan ƙanwata ya gwada. Bakanike ne, ana ce masa Kunne, don da kunne yake gane ciwon mota.

1. Rataye takardarka inda kowa zai gani

Ka sa wa takardar sakandare gilashi, ka buga ta a bango saman tulin tsofaffin tayoyi. Duk wanda ya ce akwai wani kwas, nuna masa bango. Ilimi kaciya ne, sau ɗaya ake yi.

Masu cewa gemu ba ya hana ilimi, duba haɓarsu tukuna.

2. In dama ta zo, karɓe ta da fushi

Babban abokin cinikin Kunne kamfanin burodi ne mai motoci biyar, su ne ruwa da tsakin garejin. Da suka canza motoci zuwa sababbi masu kwamfuta, manaja ya zo da kansa.

"Oga, kwas ne na mako uku, kamfani zai biya. Ka koyi na'urar da ake jona wa mota ta faɗi abin da ke damunta."

"Yallabai, shekarata ashirin ƙarƙashin mota. Yanzu mota ce za ta gaya mini ciwonta? To ta gyara kanta mana!"

Haka ake amsa. Ka haddace.

3. Raina wanda ya tafi

Za a samu wani ya je. A nan Dogo ne, mai gareji a tsallaken titi, wanda tare da Kunne suka bar makaranta. Kullum ya wuce da jakarsa, ka ɗaga murya: "Ɗan makaranta, an ba ka kuɗin tara?" Masu zaman benci su yi dariya. Dariya ba ta cika ciki, amma tana ɗebe kewa a ranar da babu mota.

In matarka ta ce, "Baban yara, da ka je ɗin nan, mako uku kamar yau ne," ka ce mata abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. In ta ce ai Dogo ya girme ka da shekara biyu, ka nemi ruwan sha.

4. Kashe fitila, ciwo ya warke

Nan gwaninta take. Direba zai kawo mota ya ce wata 'yar fitila ta kunnu gaban sitiyari, ta ƙi mutuwa. Kada ka ce ba ka sani ba. Matambayi ba ya ɓata, amma yana zubar da girma. Buɗe bonet. Dafa sukundireba a jikin injin, ka kara kunne a ƙotarta, ka lumshe ido, ka gyaɗa kai.

"Fulogi ne."

Canza fulogi. Fitila na nan? Aiki direba ya sayo maka lemo. Kafin ya dawo, yanko baƙin salatif daidai farce, ka manna a kanta.

"Kai, Oga, hannunka da albarka!"

"Sirrin sana'a ne, ɗan'uwa."

Kunne ya yi wa motoci uku na kamfanin burodi wannan magani cikin wata guda, babu wadda ta dawo da ƙorafin fitila.

5. Ranar tonon asiri, tsaya da ƙafarka

Ba su dawo da ƙorafi ba, an dai jawo ɗaya da igiya, cike da burodin da ya kamata ya isa shaguna tun hantsi, sauran biyun na biye da ita. Manaja ya shiga gaban motar, ya sa farce ya ɓare salatif, fitila ta dube shi. Ya ɓare na mota ta biyu. Da ya ɓare na uku, sai ya manna shi a aljihun rigar Kunne, ya ce wa direbobi, "Ku tura ta tsallake."

Kada ka sunkuyar da kai. Ka ce motocin zamani ba su da albarka. In ƙarfin masu turawa ya gaza, sa musu hannu, zumunci ne. Kunne ya tura har ƙofar Dogo, ya tsaya yana kallo aka jona na'ura, cikin minti biyu ta nuna wata 'yar waya da ta ƙone.

"Na yi zargin haka," in ji shi.

Yanzu garejinsa shiru, ga inuwa, ga iska.

Gargaɗi

Ni ban yi boko mai zurfi ba, kuma ban ce kowa ya bi ni ba. Kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi. In tukunyar gidanka ta yi sanyi, kada ka aiko mini da matarka kawo ƙara. Kada kuma ka je wa Kunne neman ƙarin bayani ranar Litinin ko Laraba. Matarsa ta ce yana zuwa gaida dangi, da littafin rubutu da biro biyu a aljihu.