Rasuwar Malam Shiru, Makullin Kwamitin Zawarawa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ciki mai cike da haushi, ni Hamma Maiturare, shugaban kwamitin aurar da zawarawa na unguwarmu a nan Daura, nake sanar da jama'a rasuwar aminina, Malam Shiru, ɗan makullin kwamfutar kwamiti. Ya rasu ranar Talata da hantsi, a cikin murhun ƙanwata Shatu, bayan gajeriyar jinya. Gajeriya ƙwarai, don ko ruwan koko bai tafasa ba.

Ga waɗanda ba su san marigayi ba, bai kai ɗan yatsa ba, kamar ɗan filas ɗin nan da ake sokawa a jikin kwamfuta yake. Chinenye mai ɗakin gwajin jini ce ta haɗa mu. Kowa ya san yanzu liman ba ya ɗaura aure sai da takardar gwaji, kuma kowa ya san bakin mutanenmu. Shi ya sa ta tsara cewa ba a rubuta sunan kowa a jikin kwalbar jini, sai lamba. Ita tana ganin sakamako, ba ta san mai shi ba. Sunayen suna kulle a kwamfuta, an hautsina su yadda ko aljani ba zai karanta ba. Sai an soka Malam Shiru, ya ce "ƙit", ya kyafta jan idonsa, sannan lamba ta nemo mai ita.

Marigayi mutumin kirki ne. Bai taɓa zama majalisa ba. Bai taɓa cewa "kada ka gaya wa kowa" ba. A bara, Jafaru sakatarenmu, wanda maganar mutane ke yi wa ƙaiƙayi, ya ɗauke kwamfutar zuwa gida wai zai goge mata ƙura. Ya buɗe, ya leƙa, ya tarar da lambobi tsirara, ya dawo da ita yana cewa ta lalace. Mata nawa ne aka rufa wa asiri a ranar, Allah kaɗai ya sani, sai marigayi.

Chinenye ta sha ce mini a yi masa ɗan'uwa a ajiye wurin liman, ko da tsautsayi. Na ce mata sirrin da ya kai mutum biyu ya shiga kasuwar Mai'aduwa. Har gobe ina kan bakana. Abin da na yi shi ne na kai shi wurin baduku, ya ɗinke shi cikin jar fata, ya sa masa igiya, na rataya a wuya. Ɓarawo ba ya satar laya.

Ban yi lissafi da Sharfaddeen ba, ɗan Shatu, wanda ya dawo daga karatu da gajeren wando da dogon wa'azi. Na shiga wanka, na rataye marigayi a ƙusa saboda ruwa. Yaron nan ya gani, ya ce Kawu ya faɗa shirka, ya zare, ya jefa a wuta don ya cece ni daga wuta. Kalmar marigayi ta ƙarshe ita ce "fus". Na fito da kumfa a kunne na tarar gida yana warin roba, shi kuma yana jiran in yi masa godiya.

Marigayi ya bar kwamfuta ɗaya da ta kurmance, da tarin sakamako marasa iyaye, da angwaye da amare da aka sa wa ranar Juma'ar nan. Cikin marayun har da ni. Hadijatu, wadda na shekara ina kai wa turare kafin ta amsa sallamata, tana ciki, ni ma ina ciki, amma ba wanda ya san lambarmu. Liman ya ce ba takarda, ba Fatiha. Ga wani mai shanu daga Mashi yana ta zarya ƙofar gidansu da tasa takardar a aljihu, kamar mai tallan magani.

Hadijatu ta aiko da ta'aziyya. Ta ce za ta ƙara mini Juma'a guda, ba biyu ba, da sharaɗin sabon makulli ya zo da ɗan'uwansa, kuma kada ya ga baduku.

Za a binne abin da ya saura gobe Alhamis bayan la'asar, a bayan shagona. Liman ya ce ba za a yi masa salla ba, na ce ai dama bai bar zunubi ba. Sharfaddeen ne zai haƙa kabari, da cokali. Ba abinci, ba zaman makoki. Angwaye da amare su zo da hannun riga a naɗe, don daga kabari sai wurin Chinenye, a sake sha allura. Jafaru ya yi ta'aziyyarsa daga gida. Mutumin Mashi kuma mun yafe masa.

Ɗan'uwan zan kai wa liman da hannuna, tunda Hadijatu ta ce. Maganar baduku kuwa, na gaya masa wannan karon ya rubuta MAKULLI a jikin fatar da manyan baƙaƙe, tunda yaron ya iya karatu.