Yadda Za Ka Zama Masanin Adabin Turawa da Littafin da Gara Ta Ci

Idan mutum ya buɗe littafi ya karanta maka abin da babu shi a ciki, abin kuma ya hana gidanka rushewa, wane suna za a kira shi da shi ranar hisabi? Shekara takwas ke nan ina juya wannan tambaya a rumfata ta gyaran keke a Dutsin-Ma. Na kai ta gaban limamai biyu da wani tsohon muhutin alƙali, kowannensu ya ce in dawo gobe. Tun da amsa ta gagara, na ga gara in koyar da sana'ar. In ka bi matakan nan bi da bi, na yi maka alkawari kafin a cire gyaɗa za a san ka da masanin adabin Turawa daga nan har Kurfi, ko da ba ka gane layi uku na Turanci a jere. Ni kaina ajin Yaƙi da Jahilci kaɗai na yi. Turancina a jikin kwalin taya da gwangwanin madara na tsince shi.

1. Ka samu littafi mai kauri

Kada ka yarda da siriri. Siririn littafi wani na iya karance shi, wanda aka karance kuwa da shi za a kama ka.

Nawa a gwanjon kayan wani Baturen gona na same shi, shekarar da Turawa suka fara tattara komatsai za su koma gida. Famfon keke na je saye, aka ce sai dai in haɗa da littafin. Gara ta riga ta cinye bangon da shafukan farko, saboda haka babu wanda ya san sunansa ko na wanda ya rubuta shi, har da ni. Ka gode wa gara, ta ɗauke maka tambaya biyu. Bayan wata uku na gano wasannin kwaikwayo ne a ciki: sunan mutum a hagu, abin da ya faɗa a dama. Kalma ɗaya cikin biyar nake ganewa. Ta ishe ka, har ka ba maƙwabci.

2. Ka haddace kalma huɗu, kada ka ƙara

Wani akawu ya koya mini su yana jiran in yi masa faci.

Tirajidi: labarin babban mutum da ya jawo wa kansa halaka, a ƙarshe a yi ta kwasar gawa. Kwamidi: labarin da ake ta shirme, a ƙare da ɗaurin aure. In an tambaye ka bambancinsu, ka ce na biyun ne farkon na farkon, ka yi shiru. Magidanta za su gyaɗa kai.

Sonet: waƙa ce mai layi goma sha huɗu. Bature in ya so mace, layi goma sha huɗu yake yabonta ya tsaya cak, ko bai gama ba. Wannan ya nuna maka ko a soyayya da ma'auni suke tafiya.

Sololokwi: mutum ya tsaya shi kaɗai gaban jama'a yana faɗin abin da ke cikinsa da ƙarfi. A Ingila tafa masa ake yi. A Kurfi tofi ake nema masa.

3. Ka iya riƙon littafin

A tsakiya ake buɗewa. Ka motsa leɓe, ka ɗaure fuska, ka yi ajiyar zuciya kamar wanda aka yi wa rasuwa a ƙasar waje. Bayan la'asar za ka zauna, lokacin da mutane suka gaji da aiki ba su gaji da zance ba, ka kuma tsara labarinka yadda kiran magariba zai same ka daidai inda aka zare takobi. Duk wanda ya miƙo hannu zai taɓa littafin, ka ce hannunsa da mai. A rumfar keke wannan magana kullum gaskiya ce, ba kuma a kowane mataki za ka samu irin wannan sauƙin ba.

4. Ka ɗebo labarin a gari, ka sa masa hular Bature

Mai jiran keke ba ya iya riƙe bakinsa. Kafin faci ya bushe ka ji wanda ya ci iyakar gonar wani da wanda ya ƙi gaida surukinsa. Ka cire sunaye, ka ce wani Bature, ka ƙara teku da dusar ƙanƙara.

A nan nake yawan yin kuskure. In labari ya yi daɗi sai in manta, in sa rumbu a Ingila, in sa jaki, har na taɓa kiran gayya a bayan birnin Landan. Ba wanda ya musa. Wani dattijo daga Makera ma cewa ya yi shi da ma ya daɗe yana zargin suna cin tuwo a ɓoye.

5. In an zo maka da buƙata, ka karɓa

Wannan shi ne matakin da ya kamata in ce ka tsallake, amma ba za ka ji ba, ni ma ban ji ba.

Gab da damina wata tsohuwa daga Birchi, Inna Zinariya, ta zo rumfata ba tare da keke ba. 'Ya'yanta biyu, Tukur babba da ƙanensa Ɗanmusa, gandu ɗaya suke nomawa tun rasuwar mahaifinsu: gona ɗaya, rumbu ɗaya, tukunya ɗaya. Ɗanmusa ya rantse kafin shuka zai fita gandu, a raba gona, ya ja danga a tsakiyar gida. Dangi sun yi magana, mai unguwa ya yi, abin ya ƙi. Ta ce ta ji ina da littafin da Turawa ke rubuta abin da ya samu mutane.

"Malam Audi, ka duba mini ko akwai na wa da ƙane," in ji ta. "In akwai, ka karanta musu. Ba na so in mutu ina aika tuwo ta kan danga."

Na buɗe tsakiya, na motsa leɓe, na ce akwai.

Ranar kasuwa tsohuwar ta turo su da keken gidan, wanda ta sace wa iska da hannunta. Na karanta musu labarin wasu Turawa biyu, wa da ƙane, masu gandu a bakin teku. Ƙanen ya ce zai fita. Na gaya musu tirajidi ne, na kuma bayyana abin da ake kwasa a ƙarshen tirajidi. Magariba ta same mu ƙanen da ke labarin yana saran itacen danga. Na rufe littafi na ce sai kasuwa mai zuwa.

Tukur ya ce Turawa dai akwai hankali. Ɗanmusa ya ce ikon Allah, ashe har Ingila ƙane ne mai laifi. Sai ya nuna wani saurayi mai farar riga da ke jiran a ɗaure masa sarƙa, ya ce tun da ga malamin makaranta, shi zai karanta musu ƙarshen, in ba haka ba shi kam ba zai zo ba.

6. Ka guji malamin makaranta

Malam Sabitu ke nan, sabon malamin firamare a Kurfi, bai daɗe da fitowa kwalejin horon malamai ba. Da mutane suka watse ya miƙo hannu. Na duba hannun, alli ne kawai a jiki. Na ba shi.

Ya karanta shafi biyu a tsaye, da sauri, ba ko motsa leɓe. Ya ce wannan shafin wani sarki ne ke rigima da fadawansa, babu wa, babu ƙane, Ingila kuma ba a gandu. Na gaya masa zancen tsohuwar duka. Na roƙe shi abu ɗaya: ranar kasuwa ya riƙe littafin, ya faɗi abin da zan tsara masa.

"Baba Audi, ban yi shekara biyar a kwaleji don in karanta abin da ba a rubuta ba," ya ce. "In na zo, abin da ke shafin zan karanta."

Na ce to kada ya zo. Ya ce an kira shi gaban jama'a, zuwa ya zama dole. Da ya hau kekensa sai ya tambaye ni ko na san abin da ya sa Ɗanmusa ke son fita. Ban sani ba. Ban tambaya ba. Shi ya sani, don ɗan Ɗanmusa yana ajinsa: gayaunar da Tukur ya yanka wa ƙanensa, wato ɗan yankin da zai noma wa kansa, a kan fako take, shekara huɗu ko irin da ya zuba ba ya mayarwa, alhali gandun yana da fadama.

Kwana bakwai na yi ina ɗaura sarƙa a baibai. Tonon asirina bai dame ni ba kamar yadda na zata. Abin da ya tsaya mini shi ne na shirya kashe Bature ƙane saboda laifin wansa.

Ba ruwana

Duk wanda ya bi waɗannan matakai ya bi da ƙafarsa. In an kama ka, ban san ka ba, ban taɓa yi maka faci ba. In an ɗauke ka da daraja har aka fara kawo maka rigimar gado, kai ka jiyo. Ba na kuma ɗaukar alhakin abin da sana'ar ke yi wa mutanen kirki da suka tsaya kusa da ita, don na ga abin da ta yi wa ɗaya.

Ranar kasuwa rumfata ta cika har bakin hanya. Tukur ya zauna a benci, Ɗanmusa ya tsaya jikin turke, Inna Zinariya ta samu gindin tsamiya can nesa ta zauna da ƙwaryar da ba ta sayar da komai a cikinta. Malam Sabitu ya karɓi littafin ya buɗe inda na sa tsinke. Ya karanta layi huɗu da Turanci, tsaf, yadda ban taɓa ji ba. Na fara tunanin garin da zan koma da gyaran keke. Ya ɗaga kai zai fassara, idonsa ya faɗa kan tsohuwar.

Sai ya ce Malam Audi ya tsallake shafi ɗaya. A wannan shafin, in ji shi, wan ya tsaya shi kaɗai a gona yana magana da kansa, yana cewa shi ya jawo, tun ranar da ya ba ɗan'uwansa ƙasar da ko ƙaya ba ta so. Da safe ya tarar da ƙanen yana kafa danga, ya riƙe masa gatari, ya kai shi gona ya yanka masa sabuwar gayauna.

Tukur ya cire hula ya duba cikinta, ya mayar.

"Malam," ya ce, "wace gonar ya yanka masa? Ta tudu, ko ta fadama?"

Malam Sabitu ya juya shafi, ya bi layi da yatsa har ƙasa.

"Fadama," ya ce. "Ga shi nan a rubuce."