Yadda Za Ka Mayar da Tafkin Otal Gonar Teku Ba a Kore Ka Ba

Ni, Gwak Man-sul, na riga kowa a tsibirin nan ganin teku ta tsallake katanga ta kwanta a tafkin wankan otal ɗinmu. Guguwa tara na gani, ban taɓa zama a aji ba, kuma ga ni. Bi matakan nan, aikinka ba zai kuɓuce ba.

1. Kada ka zubar da ruwan

Uwar ɗakina, Madam Pyo, ta ce in kwashe in kankare kafin baƙi su dawo, ko in tattara tabarmata. Ka ce to, ka rusuna sosai. Rusunawa ba ta kwashe ruwa.

2. Rufe da tamfol

Duk mai tambaya, ka ce magani ne ke aiki, wanda ya leƙa zai makance. Kullum ka jawo sabon ruwan teku da tiyo. Ƙumba za ta manne a tsani, ƙaguwa ta tare a magudana, ciyawar teku ta yi tsawon hannu. Ka yi musu magana, suna jin daɗi.

3. In asiri ya tonu, kada ka gudu

Ranar da Madam ta ɗaga tamfol, ƙaguwa ta ɗaga mata hannu. Ta ce, "Tsoho, tafki na ba ka ko kasuwar kifi?" Ta ba ni kwana uku.

4. Jira haihuwa

A kwana na biyu surukarta ta haihu. Mai jego kuwa a tsibirin nan ba ta tashi sai da miyar ciyawar teku, safe da yamma, mako uku cur. Guguwa ta tsinke igiyoyin da kowa ke noman ciyawar a kansu cikin teku, busasshiyar da ke rumbunan mutane ta ruɓe, jirgin ruwa bai dawo aiki ba. Sai ga Madam da kwando, tana kallon sama.

Na ce, "Ranki ya daɗe, ai yau zan kankare."

Ta ce, "Ka taɓa ganye ɗaya, Baba Gwak, ni da kai ne."

In babu mai ciki a gidanku, wannan kuma sakacinka ne.

Yanzu a bakin tafki an kafa allo da sunana. An ce haka aka rubuta. Wanda ya bi shawarata aka kore shi, ban san shi ba. Mai musu kuma ya zo ya cire takalmi ya sauka ta tsanin nan, mu ga da yatsu nawa zai fito.