Ranar da Na Saki Fursunan Amurka Daga Al Nahda

Ba zan taɓa mantawa da wata Juma'a a 2018 ba. Lokacin ina ci-rani a ƙasar Larabawa, ina aikin sito a unguwar Ras Al Khor, amma a flat ɗinmu na Al Nahda "Lauya" ake kirana, saboda na taɓa yin shekara ɗaya ina karatun shari'a a Kano. (Ban taɓa gaya musu dalilin da ya sa shekarar ta tsaya a ɗaya ba.)

Awudu, abokin zamanmu ɗan zangon Kumasi, yana da wa a kurkukun Amurka. Ranar matar wan ta turo hoton wata takardar kotu, shafi shida. Awudu ya miƙo min waya.

"Lauya, duba mana."

Na gyara zama, na leƙa shafin farko, idona ya faɗa kan layin da ke cewa an kori ƙara. Sauran shafukan ko kallo ba su ishe ni ba.

"Khalas, shi ke nan! An kori ƙara, ɗan'uwanka ya fita!"

Awudu ya yi sujada. Nan take ya kira mahaifiyarsu, muna jin guɗa daga Kumasi. Washegari ya dafa jalof tukunya guda, ya gayyato maƙwabta, ni kuma ina tsakiya ina bayanin dokar Amurka da cinyar kaza a hannu.

Cikin baƙin akwai Anti Rifkatu, 'yar Kafanchan, sakatariya a wani ofishin lauyoyi a unguwar Karama. Ta karɓi wayar, ta sa tabarau, ta karanta har ƙarshe. Sannan ta ɗago.

"Ƙanena, wa ya kai ƙarar nan?"

"Gwamnati mana, Anti."

"A'a. Shi ya kai."

Ashe wan Awudu ne ya kai ƙara kotun tarayya, cewa a gidan yarin gundumar an hana shi maganin ciwon suga. Anti ta ce a can, in fursuna ya kai ƙarar jami'ai, alƙali kan tace takardar tukuna kafin a kira kowa. Shi kuwa ginin gidan yarin ya kai ƙara, bai faɗi wane jami'i ya yi me ba. Shi ya sa aka kora, aka ba shi kwana talatin ya gyara. Wannan yana shafi na biyar.

Na lallaɓa na ajiye cinyar kazar nan a faranti.

Awudu bai zage ni ba, da ma ya zaga. Lambar Hajiya mahaifiyarsu kawai ya danna ya miƙo min: "Lauya, kai ka sake shi, kai za ka mayar da shi."

Na durƙusa a gaban waya ina "Hajiya, a gafarce ni," tsohuwa na salati.

Allah Ya taimaka wan ya gyara takardar cikin lokaci, da sunayen jami'ai biyu, kotu ta karɓa. Ni dai na koyi darasi: in ka ji an kori ƙara, kafin ka ɗora tukunya, tambayi ƙarar wa aka kora.