Ranar da Na Tashi Sasanta Jarumai Biyu

Ni dattijon ikilisiya ne, kuma ina alfahari da cewa babu rigimar da ta taɓa gagarata. Ranar nan ina cikin bas daga Kafanchan zuwa Manchok, sai na ji wasu 'yan mata biyu, ɗaliban jami'a, suna magana a bayana cikin damuwa.

"Shekara goma suna abota," in ji ɗaya. "Wannan ƙato ne, ba ya magana, wancan ɗan firit, surutu kamar rediyo. Yanzu ko gaisuwa babu."

Zuciyata ta motsa. Na gyara wuyan riga, na juya, na yi musu wa'azin gafara tun daga Kagoro, da muryar da nake jan addu'a. Fasinjoji suna ta "Amin". Sannan na zaro biro.

"Wane coci suke zuwa? Ku ba ni lambarsu, ran Asabar zan zaunar da su."

"Baba, zai yi wuya fa," in ji ɗayar. "Ƙaton ya jefi abokinsa da jirgin ƙasa."

"Da me?"

Ta miƙo mini wayarta. Zanen littafin jarumai ne: wani ƙato mai jan kamfai a kan wando yana tashi sama, ƙaramin yana manne a kafaɗarsa.

Direba ya yi dariya har sai da ya faka. Kuma ɗan ƙungiyar mawaƙan cocinmu ne.

Har yau, in na shiga taron dattawa, sai Fasto ya tambaye ni da fuskar tausayi: "Elda, yaya mutanenka? Sun sauko ƙasa kuwa?"