Naman Turawa a Zauren Surukina

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar girkina na fari a gidan miji. Shekarar da aka ba mu jihar Kebbi ce, ko wadda ta biyo ta (ba zan yi rantsuwa a kai ba). Na gama jami'a ke nan da digiri a fannin girke-girke da kula da gida, aka ɗaura mini aure, aka kwaso ni daga Sabon Garin Jega zuwa babban gidansu Malam, wato maigidana, a Aliero. Shi a Maiyama yake aiki, a ofishin ƙaramar hukuma, har ya kama mana ɗaki biyu can. Amma mahaifiyarsa, Inna, ta kafa sharaɗi tun kafin biki. Ba za ta bar ɗanta a hannun 'yar boko ba sai ta ga girkinta. In ya yi, in bi mijina. In bai yi ba, in zauna gabanta in koya har a cire albasa.

Har a cire albasa! Ko dashe ba a gama ba a lokacin.

Kwana bakwai na amarci ban ji daɗinsu ba. In zauna, in tashi, in leƙa madafa, in dawo. Mai hankali da tuwon shinkafa za ta tuƙa, ta kaɗa miyar kuka, a wuce wurin. Ni kuwa sai na yi lissafi irin na masu digiri: in na yi tuwo, da na Inna za a gwada shi, ita da ta shekara arba'in tana tuƙi. Gara in dafa abin da babu mai abin gwada shi a duk Aliero. Na buɗe akwati na ciro littafina na aji uku, na tsaya a shafin naman nan na Turawa da ake kira sitek, wanda a kansa na taɓa cin makin da ya fi na kowa.

Littafin ya ce hanya uku ce. A soya a kaskon ƙarfe mai zafi, ko a gasa bisa gawayi, ko a sa a tanda irin ta masu burodi. Gawayi na ji tsoron a ce tsire na yi. Tanda ba mu da ita. Saura kasko. Nunar ma hawa uku ce: wanda wuta ta ɗan shafa, na tsaka-tsaki, da wanda ya nuna sosai. Na kwana biyu ina juya zancen. Na farko ya yi ganganci, na ƙarshe malamarmu ta ce ɓata nama ne. Sai na zaɓi na tsakiya, don ni a rayuwata duk inda tsakiya take nan nake jin na tsira.

Na zana wa Malam hoton yankan a takarda, faɗin tafin hannu, kaurin yatsa biyu, guda tara. Ya hau babur har kasuwar Jega (na hana a saya a Aliero, kada labari ya riga ni). Da ya dawo sai ya ce mahaucin ya juya takardar sama da ƙasa, ya ce, "Malam, wanga takalmi za a ɗinka da shi?"

Ban yi dariya ba. Na ɗauko rula na auna.

Ranar girki mata sun cika tsakar gida. Gwaggo Kulu, ƙanwar surukina, ta jawo kujera ta zauna dab da murhuna, wai taya ni za ta yi. Na barbaɗa gishiri da masoro, na ɗora kasko har ya fara hayaƙi, na kwance agogon hannuna na ajiye kan bulo. Minti huɗu, in juya. Minti huɗu, in sauke. Idona bai bar agogon nan ba, kamar mai tsaron jarrabawa.

"Amarya, ina ruwan miyar?" in ji Gwaggo.

"Ba a sa masa ruwa, Gwaggo."

"To, har kin sauke?"

"Eh, ina jin ya yi. Yanzu sai a bar shi ya huta minti biyar."

Ta dube ni, ta dubi naman. "Shi huta? Shi da anka yanka tun jiya, wace gajiya ta rage mai?"

Mata suka fashe. Na daure, na jera guda tara a babban tire, na zagaye su da soyayyen dankali, na yanka ɗanyar albasa zobe-zobe na yi ado da ita (a garin da ake zubar da albasa awaki su ƙi dubawa). Sai maganar wuƙa da cokali mai yatsu. Shida gare ni cikin kayan ɗaki, maza kuwa tara ne a zaure. In na aika shida, su wa za a hana? Kuma aika wa suruki wuƙa, anya ba rashin kunya ba ne? Don kada in ɓata wa kowa, ban aika ko ɗaya ba.

Malam ya ɗauki tire ya fita. Ni kuma na kasa tsayuwa wuri ɗaya, na lallaɓa bayan katangar zaure na kasa kunne. Na ji an yi bisimilla. Sai na ji tire yana ƙara a ƙasa, kamar ana jan sa. Abin da ban tuna ba, kuma littafina bai faɗa ba, shi ne dattawan nan da hannu suke ci, hannun dama kaɗai, a kwano ɗaya. Daga baya Malam ya ba ni labarin cewa Baba Alhaji, surukina, ya danne nasa da yatsa ya ja, naman ya biyo shi gaba ɗaya. Amininsa Arɗo Bello, Bafulatanin da ya tsufa cikin shanu, shi ya riƙe masa gefe guda suka ja tare. Da naman ya yage, jan ruwa ya gangaro cikin dankali.

Wannan kam da kunnena na ji. Arɗo ya ce, "Bijimin huɗa ne, ya kai shekara goma." Limamin unguwa kuma, da ke cikinsu, ya yi gyaran murya ya ce, "An dai tabbata yankakke na ko, Alhaji?"

Na koma madafa da gudu. Ban gama zama ba sai ga Malam da tire a hannu, ya tsaya tsakiyar mata yana kallon ƙasa.

"Mi anka ce?" in ji Inna.

"Baba ya ce a gai da amarya, an gode. Nama ya iso lahiya, an gani, mai kyau na. Wai yanzu sai a dahwa."

Da na yi shiru a nan, wataƙila da abin ya tsaya a dariya. Amma ina! Na shiga ɗaki na fito da littafin, na durƙusa gaban Inna, matar da ba ta taɓa zama a ajin boko ba, na buɗe shafin ina nuna mata da yatsa. "Ba jini ba ne, Inna, ruwan nama ne, ga shi nan a rubuce. A ganina dai... wato galibi haka ake cin sa." Gwaggo Kulu na ta share hawayen dariya da bakin zane.

Inna ba ta yi faɗa ba, kuma wannan ya fi ciwo. Ta rufe littafin a hankali ta miƙo mini. Ta jawo wuƙa ta yayyanka naman digirin nawa ƙanana-ƙanana, ta zuba a tukunya da ruwa da daddawa da tattasai, ta iza wuta. Sai bayan la'asar maza suka ci abincin rana. Sannan ta juya ga ɗanta.

"Kai, tahi Maiyamarka. Bar min ɗiyata nan."

Haka aka yi. Wata biyar Malam yana zuwa ranar Juma'a ya koma Lahadi, ni kuwa ina gaban murhun Inna, agogona a akwati. Abin da na koya, in har na koyi wani abu, shi ne kafin ki tambayi littafi yadda ake dafa abu, fara tambayar wa zai ci, kuma da wane hannu. Har yanzu dai ina ganin ba jini ba ne. Amma na daina faɗa.