Rago Ɗaya, Masu Shi Shida

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na sayar wa mutum shida rago ɗaya ba. Ragon ma ba nawa ba ne, na surukina ne.

Ni malamin firamare ne a Tambuwal, kuma a shekarar ina ji da kaina ƙwarai. Dalili kuwa, wani abokin aikina mai koyar da kwamfuta, Malam Nasiru, ya buɗe mini shafin kasuwanci a intanet. Ba ni da abin sayarwa ko na sisi, amma ina da shafi, da sunana a sama da manyan baƙaƙe. A tunanina shafi kamar sanarwar rediyo yake, da ka ɗora abu duniya ta ji. A majalisa har cewa nake zamanin kai kaya kasuwa ya wuce (waɗanda nake gaya wa hakan kowa a gidan kansa yake, ni kaɗai ne ɗan haya).

Mahaifin matata Kulu limami ne a wani ƙauye gefen Fakku, cikin ƙasar Kebbe. Duk shekara yakan turke raguna, ya sayar gab da Babbar Sallah, da kuɗin ya sayi takin damina. A shekarar shida ya turke, biyar na sayarwa, ɗaya na yankansa a filin Idi. Na hau babur na je na durƙusa gabansa, na ce bana ba sai an wahala da dillalai ba, ni zan sayar masa a intanet.

Ya dube ni ya ce, "To mai saye, ƙaƙa za shi taɓa bayan ragon ya ji ƙiba tai?"

Na ce, "Malam, ai hoto zai gani."

Bai gamsu ba, na gani a fuskarsa. Amma kunyar suruki ta sa ya ce in gwada da guda ɗaya, wani fari ƙato mai baƙi a ido. Na ɗauke shi hoto ta gaba da ta baya, na dawo Tambuwal ina jin kamar na riga na zama attajiri.

Da na zo ɗora hoton, Malam Nasiru ya so ya zauna ya bi da ni gurbi gurbi. Na ce ya bari, ai ba yau na fara riƙe waya ba. Wajen farashi na rubuta kuɗi kaɗan, bai fi rabin abin da ragon zai yi a kasuwa ba. Dabara ce a ganina: a jawo mutane da araha, in sun zo sun ga ragon da ido a shiga ciniki na gaskiya, suna tayawa muna cewa albarka har a daidaita. Akwai wani gurbi da ke tambayar guda nawa ne kayan. Na bar shi haka nan, don duk mai ido ya ga rago ɗaya ne a hoton. Akwai na rana da wurin haɗuwa, na sa Laraba da hantsi, ƙofar gidan Malam surukina. Na ƙarshe shi ne saƙon da mai saye zai samu in ciniki ya faɗa. Nan na baje basira, na rubuta: "Malam Liman ya sallama maka, Allah ya sa albarka. Zo ka biya ka ja ragonka." Na ɗauka ni zan tura saƙon da hannuna, bayan an gama ciniki baki da baki.

Mako guda babu wanda ya leƙa. Duniyar da nake zaton tana jirana ba ta ma san ina yi ba. Da abin ya ishe ni, sai na tura adireshin shafin a zaurukan waya na malamai da na 'yan unguwa. Kafin kwana biyu sunaye shida suka shigo. Na ce wa Kulu ta shirya ganin abin mamaki, mutum shida za su yi gasar taya ragon babanta. Ita dai ta ce Allah ya sa alheri, ta ci gaba da tsince shinkafarta.

Ranar Laraba, saura kwana biyu Sallah, na sa farar shadda na kama hanyar Kebbe. Duk ramukan hanyar nan ban ji su ba, ina ta tsara yadda zan tsaya tsakiya ina ɗaga farashi. Da na iso na tarar da babura a ƙofar gidan Malam, mutane zaune kan tabarma a inuwar dogon yaro. Na fara gaisawa da su ina murmushi, sai idona ya faɗa kan hannuwansu.

Kowa da igiya.

Na daina murmushin. Wanda ya zo taya rago ba ya zuwa da igiya, sai wanda ya riga ya saya. Na sake dubawa, sai ga hedimastanmu a cikinsu (mutumin da ke sa hannu a takardar ƙarin girmana), shi ma da tasa igiyar sabuwa fil a kan cinya.

Wani mahauci daga Kebbe ne ya fara miƙewa, ya ce shi sauri yake, a fito masa da ragonsa. Wani ya ce wane ragonka, nawa dai. Mahaucin ya zaro waya, wancan ma ya zaro, kafin ka ce me wayoyi shida suna sama, kowace da hoton farin ragon nan da saƙona a ƙasa, harafi bai bambanta ba. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Ai ba a fara cinikin ba tukuna." Hedimasta ya dube ni ta saman tabarau kamar yadda yake duban ɗalibin da ya zo a makare.

Hayaniyar ce ta fito da Malam daga zaure. Ya karɓi waya ɗaya, ya nisanta ta da idonsa, ya karanta a hankali. Ya karɓi ta biyu. A ta uku ya tsaya.

"Wa yar rubuta wanga?"

"Ni ne, Malam. Amma na'urar ce ta tura, ban..."

"Na'ura ta san sunana, in ba kai kab ba ta ba?"



Ya juya ga mutanen ya ce, "Shekara da shekaru nika karantar da mutanen garin ga cewa in anka sallama, an sallama. Ga sallama da sunana har shida. Ku yi haƙuri, ba wanda za shi koma da igiya tai banza."

Ya sa aka kwanto ragunan duka. Aka duba wanda ya fara latsa saye a shafin, mahaucin ne, ya ja farin. Sauran huɗun suka bi, kowanne a kan wancan farashin nawa na rabin kuɗi. Hedimasta ya ce shi ya yafe, Malam ya ce bai yarda ba (hedimastan bai kuwa sake musu ba, ya ɗaure nasa a bayan babur da kyau). Saura mutum ɗaya, wani tsohon tela daga Dogon Daji, wanda ya ce rabonsa da layya an daɗe, sai bana da ya ga ragon da kuɗinsa suka kai. Saura kuma rago ɗaya.

Ladanin masallacin, da ke tsaye gefe, ya ce, "Malam, wanga fa na Idi na! In ba ka yanka ba, wa za shi yanka cikin garin ga?"

Gaskiya ya faɗa. A can babu mai sa wuƙa a wuyan dabbarsa sai liman ya yanka tasa a filin Idi. Malam bai ko dube shi ba, ya kwance ragon da hannunsa ya miƙa wa telan. Ina tsaye ina kallon garken da aka yi wata da watanni ana ba dusa da harawa ya watse cikin sa'a guda, takin damina ya bi shi, duk saboda gurbi ɗaya da na ƙi cikewa da bakin da na ƙi rufewa.

Ban tsaya cin abinci ba. Na koma Tambuwal, na kwance ɗan ragon da muka tanada don layyarmu, Kulu na kallona. Washegari na ɗaure shi a babur na sake bin hanyar nan, wannan karon kowane rami sai da na ji shi a ƙugu. Ranar Sallah gari guda ya kewaye liman yana yanka ragon da bai fi bunsuru ba. Na ji wani a bayana yana tambayar na kusa da shi ko Malam lafiya bana. Na sunkuyar da kai kamar mai neman abin da ya yar.

Daminar nan gonar Malam rabin taki ta samu, kuma duk Asabar ina can da fartanya, ba wanda ya ce in zo. Har yau bai taɓa tayar da maganar ba, ko da wasa. Da zagina ya yi, da na fi samun sauƙi.

Abin da na koya dai shi ne, intanet ba ta san taya ba, ba ta san albarka ba. Abin da ka rubuta shi ne maganarka ta ƙarshe, kuma za ta maimaita wa duk wanda ya zo, ko mutum dubu ne, ba tare da ta ji kunya ba. Kunyar kai take bar wa, da wanda ka ari sunansa.